Tsintsiyar Gotthilf

"Ta wace ce wannan?"

Gwaggo Irmtraud ta jefo safar hannu a kan teburina, kusa da kofin shayi. Irin ta 'yan keke ce, mai yankakkun yatsu, 'yar ƙarama, jini ya bushe a tafinta.

"Ba tawa ba ce, Gwaggo. Dubi hannuna."

"Na san ba taka ba ce, Wendelin. Kai gudunka bai isa ya kayar da kaza ba. Amma ai mutanenka ne."

Ni kaɗai ne a ƙauyen nan ke hawa keke don motsa jiki, tun ranar da likita ya dubi tumbina ya girgiza kai. Na sayi mai faffaɗar taya, da wando mai kama jiki wanda matata ta roƙe ni in riƙa fita da shi ta ƙofar baya. Shi ke nan na zama wakilin duk ɗan birnin da ke tasowa daga Stuttgart a ƙarshen mako, ya bi hanyoyin tsakuwa da suka ratsa gonakin inabinmu, ya shige daji.

Mijinta Gotthilf, maƙwabcina ta katanga, jiya Asabar ya rasu. A gaban bukkarsa ta gonar kan tudu aka ɗauko shi, goshi a fashe, kuma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Wata mata ce ta kira motar asibiti, ba wanda ya tambayi sunanta.

"Zuciya!" in ji Gwaggo. "Zuciya ce ta fasa masa goshi? Zuciya ce ta yar da safa ƙarƙashin benci? Na hau da kaina da safen nan. Sawun taya ko'ina. Sun banke shi sun gudu. Gobe zan je wurin 'yan sanda, kuma ba mai sa min shi a ƙasa sai an yanka an duba."

Idonta a bushe yake ƙamas. Matar da ta yi kwana uku tana kukan mutuwar kyanwarta.

"Bari in hau in gani tukuna, Gwaggo."

"Hau. Kafin ka isa ma gobe ta yi."

Ban gaya mata abin da ke raina ba. Gotthilf ya tsani 'yan keke fiye da ƙanƙara mai lalata inabi. Ni kaina ya taɓa jifa da ruɓaɓɓen inabi, ya kuma kira ni da sunana don kada in zaci kuskure ne. A gidan mai burodi, gaban kowa, ya ce wata rana sai ya ɗaura waya a hanyar nan daidai wuya. Saboda haka ina hawa ina haki ina duba gindin kurangar inabi. In waya ya ɗaura, wata ta faɗi, aka yi dambe, to gara 'yan sanda su zauna inda suke.

Ban ga waya ba. A mararrabar da hanyarsa ta rabu da babbar hanya na tarar da sandarsa a kafe, da damin karan alkama ɗaure a samanta. Duk wanda ya tashi a nan ya san ma'anar wannan: inabi ya nuna, an rufe gona, kada a shigo sai bayan girbi. Kowa ya daina kafa ta tun zamanin iyayenmu, ban da Gotthilf.

Sawun tayar ne ya fara ba ni mamaki. Wanda ya buge mutum a guje wucewa yake yi. Waɗannan kuwa duk sun karkato ne suka tsaya a jikin bukkar, sabo a kan tsoho, har farin bangon ya yi baƙi-baƙi inda ake jingina kekuna. Na tura ƙofa. A ciki, a kan kantar katako, ga kofunan gilashi jere, an wanke an kife, sun ishi ɗaurin aure. Mutumin da tun da nake bai taɓa ce min in zo in kurɓa ba.

Na zauna a benci ina jiran numfashina ya dawo. Can sai na ji ƙarar tsakuwa.

"Tsintsiya na nan! Ke nan an buɗe!" wani ƙato mai gemu ya yi ihu daga mararraba. A bayansa wata 'yar siririyar mata. Hannunta na fara dubawa. Babu safa.

"Wace tsintsiya?" na ce.

"Ga ta can a kan sanda, malam."

Sai da na juya na sake kallon sandar. A ƙasar nan in manomi ya rataye tsintsiya a ƙofa, to yana cewa sabon ruwan inabinsa ya samu, a shigo a ci a sha. Wannan kam 'yan birni sun sani sarai, shi kaɗai ma suka sani. Daga kan keke, da gumi a ido, damin kara a kan sanda bai da maraba da tsohuwar tsintsiya.

Matar ta cire hular kwano. "Kai ɗan'uwansa ne? Yaya jikin Baba? Sun ce ba za su gaya min komai a waya ba tunda ni ba dangi ba ce."

Na fito da safar daga aljihu na ajiye a kan tebur, kamar yadda na ga ana yi a talabijin. Na so ta razana. Sai kawai ta ɗauka ta ce, "Da ita na danne masa goshin. Yaya yake?"

Na gaya mata. Ta zauna a ƙasa, a kan tsakuwa. Ƙaton ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Sunanta Friederike. Ta ce tun farkon kaka suke zuwa. Ranar farko sun ga tsintsiya, suka hau, suka zauna, suka ce a kawo kofi biyu. Tsohon ya fito da sanda a hannu ya tsaya yana kallonsu. Can ya koma ciki ya kawo musu wani abu mai tsami.

"Na san abin," na ce. "Da shi yake wanke ganga."

"Jost ya sha ya ce bai taɓa ɗanɗana irinsa ba," ta nuna ƙaton. "Sai Baba ya ce, 'Wannan? Wannan ai shara ce. Tsaya.' Ya ɗauko na kirki. Daga nan labari ya bazu. Ran Asabar wani lokaci benci ba ya isa."

"Bai taɓa ce muku ba tsintsiya ba ce?"

"Na tambaye shi me ya sa ba ta da gashi sosai. Ya ce ta tsohon yayi ce."

Na sauko tudun da birki a matse. Na tarar da Gwaggo a kicin tana fasa gyaɗar bishiya mai taurin ɓawo da guduma, tana dukanta kamar ita ta yi laifin. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗago ba.

"Ƙarya ce. Sun haɗa baki. Kai kuma da mace ta yi maka hawaye shi ke nan."

"Sun ce har wainar albasa yake ba su."

Gudumar ta tsaya. "Wainata? Cewa ya yi masu tsinkar inabi yake kai wa. Ina ta mamakin masu tsinka tun ba a fara tsinka ba."

"Ya gaya musu shi yake gasawa."

"Shi? Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba?" Ta ture ɓawon gefe. "To ko da ya ba su waina, ai ba zai hana su buge shi ba. Me ta ce ya faru? Faɗa min yadda ta faɗa, kada ka sa naka."

"Ta ce yana tsaye yana zuba mata. Sai fuskarsa ta canza. Ya miƙo mata tulun da hannu biyu ya ce, 'Riƙe, kada ya zube.' Sai da ta riƙe sannan ya sulale, goshinsa ya daki bakin tebur."

Gwaggo ta ajiye gudumar.

"Kada ya zube," ta maimaita. "Ranar da na haifi 'yarmu Annegret abin da ya ce min ke nan a mota, ina naƙuda ya ɗora min tulu a cinya." Ta jawo bakin rigar girkinta ta rufe fuska. Daga ciki na ji ta ce, "Jeka ka gaya wa fasto ran Laraba za a binne shi. Kuma ka cire wandon nan kafin ka je."

Ran Laraba an yi yayyafi da safe, sannan gari ya washe. Mutanen ƙauye suka tsaya gaba cikin baƙaƙen kwat. Can baya, kusa da famfon maƙabarta, ga su nan tsaye cikin riguna ruwan ɗorawa da lemo, hulunan kwano a hannu, takalmansu na ƙwas-ƙwas a kan dutse duk lokacin da wani ya gyara tsayuwa. Ana ta waiwayensu ana taɓe baki. Gwaggo ta waiwaya sau ɗaya, ta dubi Friederike tun daga sama har ƙasa, ta matsa gefe kaɗan ta bar wuri a bakin kabarin.

Da muka fito, kekunan na jingine a jikin katangar maƙabarta. Ɗaya an manta ba a kashe fitilarsa ta baya ba, 'yar ja, tana ta ƙiftawa da rana tsaka.