Ranar da Alhaji Buraima Ya Ɗauki Surukinsa Aiki

Alhaji Buraima, dillalin rake a Matameye, mutum ne mai son iyalinsa, amma ba ya shawara da kowa. Da ya ga ɗakin matarsa Hajiya Kaltuma ba ya ɗaukar jikoki idan sun zo hutu daga Damagaram, sai ya kira magini ya fasa bangon da ke tsakanin ɗakin da ɗakin ajiya. Ɗaki biyu suka zama ɗaya. Bangon nan kuwa shi ke ɗauke da kawunan azara. Magini ya gitta icen giginya guda a madadinsa, aka shafe da siminti, aka yi fenti. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, Hajiya tana ta murna.

Mijin 'yarsu Maryama, wato Marwan, injiniyan gine-gine ne a Damagaram. Da ya zo gaisuwar Salla, ya tuɓe takalma ya durƙusa a tsakar gida. Suruki ba ya shiga ɗakin surukuwa, amma daga inda yake ya hango tsaga a saman ƙofa, ya kuma ga rufin ya yi ciki. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, da an samu lokaci an ɗan duba rufin nan."

"An duba," in ji Alhaji. "Sabon siminti ne."

"To, Baba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, shi da ya yi shekaru yana karatun wannan abu. Kunya ado ce, ba mai musu, amma ba ta taɓa riƙe rufi ba.

Damina na matsowa, Marwan ya shiga kewaye-kewaye. Ya aika a ce wa Hajiya ta zo Damagaram ta huta wata biyu. Ta ce me za ta yi a gidan suruki, ba ciwo ba haihuwa? Da hutu ya zo, Maryama ta kawo yaransu, Fahad da Hanifa, amma yini kawai suke yi, kafin magariba ta kwashe su zuwa gidan kawunsu a Kance. Hajiya ta shimfiɗa sababbin katifu a ɗakin da aka faɗaɗa dominsu, ba wanda ya kwanta a kai. Ta daina cin abinci sosai. Ta ce wa mijinta, "Ginin ƙasa ne ya raina. Yana ganin 'ya'yansa sun fi ƙarfin ɗakina."

Alhaji ya tare Maryama a zaure ya titsiye ta. Ta yi ta murza gefen mayafi, can ta ce, "Baba, tsoron rufin yake. Ya ce ruwa mai ƙarfi zai iya kawo shi ƙasa. Ai ya gaya maka."

"Ya ce a ɗan duba! Ko akuya ana ɗan duba ta. Wato ya janye 'ya'yansa ya bar mini matata a ƙarƙashi? Ke ma kin sani kika yi shiru?"

"So kake ya dubi idonka ya ce ka yi kuskure?"

Alhaji ya juya ya fita. Washegari ya shiga mota sai Damagaram, ya nemi biron Marwan, wato ofishinsa. Marwan na ganinsa ya zabura zai durƙusa.

"Tashi. Koma kujerarka," in ji Alhaji, ya zauna a kujerar baƙi. "Ba wurin mijin 'yata na zo ba. Ina da gida a Matameye, injiniya nake nema, kuma zan biya kamar kowa. An ce kana da gaskiya. In ba za ka iya faɗa mini ita ba, nuna mini ƙofar wani."

Marwan ya koma kujerarsa. Da ƙyar ya ce, "Zan zo ran Asabar, Alhaji."

Ran Asabar ya iso da hular kwano da tsani. Hajiya na jin sallamarsa ta ja mayafi ta shige madafa. A bakin ɗaki ya sunkuya zai kwance takalma.

"Bar su," in ji Alhaji. "Ma'aikaci ba ya aiki ba takalma."

Ya shiga. Ya ƙwanƙwasa bango, ya kankare siminti a gefen tsagar, ya auna icen giginyar da igiya daga wannan kai zuwa wancan. Ya hau rufi ya haƙa, ya tarar da ƙasar da ake ƙarawa kowace shekara kafin damina ta yi kauri fiye da kima. Da ya sauko, ya tsaya yana fuskantar bango, don har yanzu bai iya kallon Alhaji ba.

"Wanda ya fasa bangon nan ya yi ganganci."

"Ni ne."

"Na sani, Alhaji."

Maryama, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi. Alhaji ya harare ta, ya ce, "Ci gaba, injiniya."

"Icen ya lanƙwashe, kuma ya fara tsagewa a tsakiya. Idan ƙasar sama ta sha ruwa, nauyinta zai ƙaru. Kada kowa ya sake kwana a nan daga yau. A tokare shi tukuna, a rage ƙasar rufi, sannan a haƙa tushe a kafa ginshiƙi na ƙarfe da siminti a tsakiyar ɗaki. Ginin ƙasar lafiyarsa ƙalau, zai fi mu daɗewa. Ƙafarsa ce aka cire."

Daga madafa muryar Hajiya ta fito, ko da yake taku kaɗan ne tsakaninsu. "Maryama, tambaye shi, ginshiƙi a tsakiyar ɗaki kamar masallaci?"

Marwan ya dubi matarsa. "Ce wa Inna za a yi shi siriri, a yi masa fenti irin na bango."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Tambaye shi, in an yi, Fahad da Hanifa za su kwana?"

"Ce mata ni da kaina zan kawo su. Ce mata kuma ta yafe mini, na yi shiru inda bai kamata ba."

Sai aka ji ƙarar murfin tukunya. "Ce masa Allah ya yafe mana duka. Zuba masa dambu, ya rame. Yaushe za a fara?"

"Yanzu, in an fitar da kaya."

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Maryama, ya kama kan gadon Hajiya. "To me kake jira? Kama can."

Marwan ya kama ɗaya gefen. Suka ɗaga, gadon ya maƙale a ƙofa.

"Karkata shi hagu, Alhaji," in ji Marwan. "A'a, hagunka. Hankali da yatsu."

Alhaji ya karkata, gado ya fita.