Rigar da Takwara Ta Saƙa

Wata biyu Kaka tana jiran ƙunshin nan. Jikarta, takwararta mai shekara tara da ke ƙasar waje, ta koyi saƙa a makaranta, abin da ta fara saƙawa kuwa rigar sanyi ce ta kakarta. Kullum sai ta bugo waya: "Kaka, ta iso?"

Ba ta iso ba. Takarda ce ta iso daga gidan waya, wai kwastan sun riƙe ƙunshin, in ba a biya haraji cikin kwana uku ba za a mayar da shi inda ya fito. Da Kaka ta ji kuɗin sai da ta dafe ƙirji, don ko fanshonta na wata uku ba zai biya ba.

Laifin ɗanta ne, uban yarinyar, mai wayon tsiya. Wani ya gaya masa in ka rubuta farashi mai tsoka a jikin fom, ma'aikata za su lallaɓa kayanka kamar ƙwai. Sai ya zabga sifilai. Garin neman gira aka rasa ido.

Kaka ta ja ƙanwarta suka nufi ofishin kwastan. Ɗaki ne dogo, kwalaye har rufi, fanka ɗaya tana kuka. Jami'in ya yanka ƙunshin da reza, ya zaro riga ruwan ɗorawa, ya ɗaga ta sama. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan taƙi guda, wuyan ya karkace, ga wani rami a gefe. Ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

"Mama, ai wannan ba haraji a kanta. Zan rubuta ba ta da wata daraja, ki sa hannu ki tafi da abinki."

"Ba ta da me?" in ji Kaka. "Ɗan nan, ka san wadda ta saƙa ta? Wallahi kuɗin da aka rubuta ma sun yi kaɗan!"

Ƙanwar ta taka mata ƙafa. "Yaya, rufa mana asiri."

"Sakar min ƙafa! A gabana za a ce aikin jikata banza ne, kuma in sa hannu?"

Mutanen da ke layi suka fara dariya. Jami'in ya sosa ƙeya. Shekara goma yana fama da masu rage farashi, yau ga mai neman a ƙara mata.

"Mama, in kin kai ta kasuwa, nawa za ki sayar min?"

"Ko da gidanku ka haɗa ba zan sayar ba."

"To abin da zan rubuta ke nan: kyauta ce, ba ta sayarwa ba."

Kaka ta sa tabarau ta karanta sau biyu, sannan ta sa hannu. Nan take ta zura rigar a kan kayanta, cikin zafin nan, ta miƙa wa jami'in wayarta ya kira yarinyar ta bidiyo. Daɗi ya cika Kaka har idonta ya kawo ruwa.

"Kaka! Ta yi miki?"

"Takwara, kamar kin gwada ni," in ji Kaka, gumi yana tsiyaya daga haɓarta. "Yau ba mai raba ni da ita."