Hatimin da Bai Rusuna Ba

Shekara ashirin da shida Kuramochi-san ta yi tana naɗa taransifoma a masana'antarmu ta garin Suwa, saura wata takwas ta yi ritaya da mutuncinta. Akwatin da muke haɗawa shi ke karɓar wutar farantan rana, ya ɗaga ƙarfinta, ya miƙa wa injin da ke tura tauraron ɗan'adam. Ita ke zuba ƙaron da ke rufe wayoyin. Kumfar iska ko kamar ƙwayar gero ta maƙale a ciki, to a can sama wuta za ta yi tsalle ta ƙone komai.

Ran nan ta ga kumfa a hoton gwaji, ta kai wa shugaban sashe, Hiraoka, wanda muke kira Kacho saboda muƙaminsa.

"Kacho, wannan sai an sake zubi."

"Aikin da zai ci mako uku? Idonki ne ya tsufa, Kuramochi-san. Nemi tabarau."

Ta ƙi buga hatiminta a takardar dubawa, ta fita cin abinci. Hatimin kuwa yana aljihun tebur, kamar na kowa. Da idona na ga Hiraoka ya ɗauka ya buga. Ni kuma, matsoracin banza, na dulmiya kai cikin kwanon taliyata.

Wata biyar da harba tauraron, injin ya mutu murus. Aka kafa kwamiti. Mai hatimi a layin dubawa shi za a kora.

Ta miƙe a gaban darakta. "Don Allah a duba da kyau. Tun zuwana nake karkata hatimina hagu, ya rusuna wa na manya, kamar kowane ƙaramin ma'aikaci. Wannan a tsaye yake ƙyam. Mutum ɗaya ne ke buga hatimi a tsaye a sashenmu."

Na ce a raina, yau gaskiya ta yi halinta.

Darakta ya kai takardar kusa da hancinsa.

"Lallai kuwa, a tsaye yake. Wato bayan sakaci har da rashin kunya? Hiraoka-kun, rubuta wannan ma."

Aka kwashe da dariya. Ta waiwayo ta dube ni, don ta san teburina yana fuskantar nata. Na tsura wa takalmina ido, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Takardar kora ba ta cika sai da hatimin shaida. Hiraoka ya turo mini ita yana murmushi. Na buga nawa, na karkata shi sosai, ya rusuna har ƙasa.