Tebur Mai Gangare

Kafinta ya ɗauko teburin a ka tun daga shago har makaranta. Bai yarda a ɗora shi a amalanke ba, wai kada gargadar hanya ta kwance masa ƙafa. 'Yarsa Auta na biye da shi, ta kama gefen rigarsa da yatsu biyu, ɗayan hannun kuma ta yi wa idanunta rumfa da shi saboda hasken safiya.

"Kafinta, yau kai ne ɗalibin?" in ji mai faci daga bakin titi.

"Ni ɗan dako ne kawai. Ga mai jarrabawar nan a bayana."

Bakinsa har kunne ya faɗi haka. Mutumin da gaisuwa ma sai an ja ta daga bakinsa, yau shi ne ke tsayawa da kaya a ka yana yi wa mutane bayanin tebur. Samansa a karkace yake, ta yadda takarda za ta taso ta tarbi fuskar Auta, ba sai ta kifa kai har wuyanta ya sage ba. Ya kafa siririn katako a ƙasa don kada takarda ta zame, ya fafe gurbin biro, ya shafa masa baƙin fenti marar ƙyalli, domin duk abin da ke sheƙi yana sa idanunta ruwa. Tun da yake sana'ar nan bai taɓa goge katako kamar yadda ya goge wannan ba.

Auta tana gani, amma sai abu ya zo dab da hancinta. 'Yan ajinsu suna ce mata mai shinshina littafi, ita kuma takan yi dariya ta ce ai shi ya sa ta fi su sanin abin da ke ciki. Ba ƙarya ta yi ba, don abin da ya shiga kunnenta sau ɗaya ya zauna ke nan. Matsalar ita ce an makara wajen sa ta makaranta, kuma sakandaren da ke da aji na masu raunin gani tana da iyakar shekaru. In ba ta fito da sakamakon wannan jarrabawa bana ba, baɗi ƙofar ta rufe.

Da wannan damuwa Kafinta ya daɗe yana fama, har ranar da ƙanwarsa ta zo ta sauke masa ita. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu har ta zama malama a makarantar da Auta take. Ta ce masa hukumar jarrabawa tana da tanadi don irin su Auta: takarda mai manyan haruffa, ƙarin lokaci, da ɗaki nata ita kaɗai.

"Ka bar komai a hannuna, Yaya," in ji Malama. "Auta ai 'yata ce."

Ita ce ta tarbe su a bakin ƙofar makaranta ran nan. Ta wuce da su gaban babban zaure inda sauran yara ke jere, ta kai su can ƙarshen baranda, wani tsohon ɗakin ajiya da aka share aka rataya wa tagarsa labule. Kafinta ya sauke teburin, ya girgiza shi, ya tura guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Malama ta zaro takarda daga ambulan, haruffanta manya-manya kamar kan ƙusa. Auta ta ɗora ta a gangaren, ta matso da fuska, ta karanta layin farko da ƙarfi ba tare da tuntuɓe ba. Kafinta ya juya baya yana gyaran labulen da ba ya bukatar gyara, don kada ƙanwarsa ta ga hawayensa.

* * *

Haka aka yi ta yi kullum. Da safe ya raka ta, da rana ya ajiye zarto ya je ya ɗauko ta. A hanya yakan tambaye ta abin da aka tambaya, ko da yake rabinsa ba ganewa yake yi ba. Ranar da aka yi insha'i ta ce masa ta yi rubutu ne a kan tafiyar da ba za ta manta da ita ba.

Da la'asar ɗin ranar 'yar maƙwabcinsu ta shigo shago. Ajinsu ɗaya da Auta, kuma Aku ake ce mata a layin, don in ta fara zance sai dai ka gaji ka tafi. Ta share ɗiɗɗigar katako daga kan benci ta zauna kusa da Auta.

"Baba, yau ai kai ya kamata ka rubuta mana insha'i," in ji ta. "Wai amfanin bishiya ga ɗan Adam! Na ce ana yin tebur, ana yin kujera, daga nan kaina ya tsaya cak."

Kafinta ya tsayar da hama. "Bishiya kuma? Ba tafiya aka ce ku rubuta ba?"

"Wace tafiya?"

"Wadda mutum ba zai manta da ita ba."

Aku ta kwashe da dariya. "Kai, Baba! Wannan ai ta bara ce. Ita Malama ta yi ta sa mu bita har muka haddace."

"Aku, zo ki raka ni ɗebo ruwa," in ji Auta, ta miƙe da sauri har ta yi karo da sanda.

"Tsaya mana, ban gama ba. Da ba don Malama ba ai da na kaɗe. Ita ta zo ta rubuta mana a allo, muka kwashe, ta goge."

"Malama ba tana tare da Auta ba ne?"

"Tana leƙo ni," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ja hannun ƙawarta suka fita.

Kafinta ya daɗe a tsaye da hama a hannu. Ya yi ta neman wa zancen mafita. Wataƙila masu manyan haruffa tambayoyinsu daban ne. Wataƙila yarinyar nan surutu ne ya kwashe ta. Amma da ya koma kan aiki ƙusa biyu ya lanƙwashe a jere, abin da rabonsa da yi tun yana koyo.

* * *

Washegari ita ce ranar ƙarshe. Ya raka Auta har ɗakinta, ya ga ta zauna, ya ga an ba ta takarda. Da Malama ta fito za ta nufi zaure sai ya sha gabanta a bayan tankin ruwa.

"Takardar da kike ba yarinyar nan, daga ina take zuwa?"

"Daga hukuma mana, Yaya. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Dube ni ki faɗa."

Ba ta dube shi ba. Ta kama bakin mayafinta tana murzawa, yadda take yi tun tana ƙarama in ta fasa kwano. A nan ya gane, tun kafin ta buɗe baki.

"Ni nake buga ta a shagon kwafi," in ji ta. "Tambayoyin bara ne, nake sa a ƙara musu girma."

"Amsar da take rubutawa fa?"

"Tana cikin kabad ɗina."

"Sunanta yana wurin hukuma ko ba ya nan?"

Ta girgiza kai, hawaye ya zubo. Daga nan zance ya ɓalle mata, tana yi tana waige. Ta ce wallahi ta kai maganar ga Hedimasta tun lokacin rajista. Sai aka gano cewa duk makarantar da ta nemi takarda ta musamman, hukuma takan aiko da nata mai sa ido, baƙon da ba su san shi ba, ya zauna a makarantar har a gama. In baƙo yana nan, wa zai iya rubuta wa yara amsa a allo? Hedimasta ya ce ba zai kayar da zaure guda saboda yarinya ɗaya ba. Ta roƙi a sa ta cikin sauran yara, ya ce yarinyar da ba ta ganin allo faɗuwa za ta yi ta ɓata wa makaranta suna.

"Sai kika yi shiru."

"Aikina fa, Yaya. Kuma ɗana ma yana cikin zauren nan, kai ka san kansa ba ya ja."

"Ai da kin faɗa mini. Da na kai ta wata makaranta, ko a bayana zan goya ta."

"Na ji kunyarka ne. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, har aka rufe rajista. Ranar da na zo da niyyar faɗa na tarar kana goge teburin nan, sai na kasa." Ta share fuska. "Na ga gara ta zauna ta rubuta kamar kowa, ko ba komai ranta zai yi daɗi. In sakamako ya fito sai a ce nata ya ɓata a hanya. Ana yin haka."

Kafinta ya tsaya yana kallon ta. Wannan ce yarinyar da ya riƙa ɗauka a kan keke yana kai ta makaranta, wadda ya yi wa akwatin littattafai da hannunsa. Da Hedimasta ne a gabansa da ya san abin da zai yi da fushinsa. Amma wannan, ko ya ɗaga murya kansa zai ji wa ciwo. 

"Kin tsara har da ƙaryar da za ki yi mini nan gaba," ya ce.

Daga zaure aka ƙwala mata kira. Ta dubi yayanta, ta dubi zauren. Sannan ta zaro alli daga jakarta ta tafi.

* * *

Ya tura ƙofar ɗakin a hankali. Auta ta manna fuska a gangaren tebur, hancinta na kusan taɓa takarda, biro na tafiya sannu-sannu. Ba ta ɗago ba.

"Baba ne," in ji ta. "Na ji ƙamshin katako."

Ya tsuguna a gefenta. Duk maganar da ya shirya a baranda ta gudu. "Auta, tashi mu tafi gida. Wannan takarda..."

"Na sani, Baba."

"Kin san me?"

"Ta bara ce. Tun ranar farko na gane. Gwaggo ta karanta mana su a aji, har inda ta yi tari a tambaya ta uku ban manta ba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta shafa gefen teburin da tafin hannu, inda ya fi santsi. "Na ga yadda kake murna. Kuma na ɗauka Gwaggo za ta faɗa mini da bakinta. Duk sanda ta buɗe ƙofa sai in ce yanzu ne, sai ta ce mini in yi ƙoƙari, ta fita." Ta gyara riƙon biro. "Bari in ƙarasa wannan, saura kaɗan. Na san amsar."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Ta bangon yana jin ƙarar alli a kan allo can cikin zaure, da muryar ƙanwarsa tana cewa su yi sauri za ta goge. A nan kuma ba abin da ake ji sai biron Auta. Ba ta yi gaggawa ba. Da ta kai ƙarshe ta koma farko ta bi layi-layi, ta gyara kalma ɗaya.

Ana cikin haka aka ji takun takalmi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Auta ta san takun. Ta zare takardar daga kan teburin, ta miƙa ta da hannu biyu wajen da ta ga inuwa ta tare haske.

"Gwaggo, na gama. Wa zan ba?"

Malama na tsaye, hannayenta fari fat da alli.  Auta ta ci gaba da miƙo takardar, ba wanda ya karɓa.

Kafinta ya tashi, ya zare guntun katakon da ke ƙarƙashin ƙafar teburin ya sa a aljihu, ya ɗora teburin a ka. Malama ta matsa gefe, ya wuce bai dube ta ba. Auta ta laluba ta kama gefen rigarsa.

Suka bi baranda, suka wuce zauren da yara ke fitowa suna ihun an gama, suka fita titi. Mai faci ya ɗago daga kan tayar da yake ɗinkewa zai yi tsokana, da ya ga fuskar Kafinta sai ya mayar da kai. Rana ta take sosai. Auta ta ɗaga takardar amsarta ta yi wa idanunta rumfa da ita, suka ci gaba da tafiya.