Jaririya a Kan Sikelin Ƙusa

Da 'yarsa ta fara cin abinci, Mai Ƙusa ya kinkimo sikelin shagonsa ya kawo gida. Kullum da safe sai ya shimfiɗa tawul a farantin, ya ɗora ta, ya zuba wa allurar sikelin ido. Allura kuwa ta ƙi gaba.

"Nono ne ke cika mata ciki, shi ya sa take ture cokali," ya ce wa matarsa. "Ki janye mata, yunwa za ta koya mata ci."

"Haba maigida, ita fa ba buhun ƙusa ba ce."

Ya nace, ta bi. Yarinya ta yi ta kuka tana kawar da kai daga dafaffen dankali, har wuyanta ya zama kamar zare.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta dube shi. "Baba, a watannin nan abinci ƙari ne kawai, nono ne ƙarfinta. A mayar da ita kan nono yau."

Tun a baranda ya ce, "To, ba ta mana!"

Matar ta sa ta a ƙirji. Yarinya ta ja, ta ja, ta saki da kuka.

"Me zan ba ta, maigida? Ya riga ya ƙafe."