Hutun Ƙarfe Uku

Shekara ashirin da biyu, kullum ƙarfe uku na rana sai injin naɗe sabulu ya tsaya. Ba lalacewa yake yi ba. Tsohon bakanike, wanda ake kira Baban Inji, shi ke sassauta noti ɗaya, bel ya zame. Kafin ya mayar, matan da ke tsaye tun safe sun zauna a kan kwalaye, sun miƙe ƙafa, sun sha ruwa. Kowa ya sani. Ba wanda ya taɓa furtawa.

Baban Inji da kansa ya furta. Ɗan ƙanwarsa, malamin jami'a, ya zo gida da rakoda, ya ce yana rubutu kan yadda talaka ke bijire wa masu iko ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Kawu, gaskiya ba ɗaya ba ce. Ta manya ake rubutawa, taku ba a ji. Zan sakaya suna."

Daɗin a tambaye shi ya kwance wa tsoho baki.

Bayan wata bakwai malamin ya bugo waya, murya cike da murna.

"Kawu, takarda ta fito! Masana sai tafi suke. Har kamfaninku na aika wa kwafi, su san darajar ma'aikatansu."

"Ka aika wa wa?"

"Ai ba suna. Cewa na yi wani bakanike."

"Kai ɗan nan, bakanike nawa ne a wurin?"



Kwana uku yana jiran kira daga ofis. In ƙofar ofis ta yi ƙara, sai ya waiga. Wata biyar ya rage ya ajiye aiki da mutuncinsa, ga shi za a fito da shi kamar ɓarawo. Bai ƙara taɓa notin ba.

"Baba, sifana ce ta ɓata ko hannu ne ya mutu?" in ji Gwaggo, babba a cikin matan. Ta ɗaga masa ƙafarta da ta kumbura. Ya kau da kai.

Rana ta huɗu, uku saura kwata, manaja ya sauko, takarda a naɗe a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Har ya tambayi iyali.

"Baba, na ji bel ɗin nan ya daɗe yana wahalar da kai. Ga farantin ƙarfe can. Yi masa murfi, ka liƙe da walda. Yanzu, ina nan."

Ya jawo kujera ya zauna.

Tsoho ya tsaya jiran sauran maganar, ta kora. Ba ta zo ba. Ya ɗauko farantin, ya kifa a kan notin. Matan ba su daina naɗi ba, amma idonsu na kansa.

"Baba," in ji Gwaggo a hankali, "wa ya faɗa?"

Ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya kunna wuta.