Yadda Aka Goge Shafin Yaya

Yayata ungozoma ce. Shekara ashirin da biyu ta yi tana karɓar haihuwa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. A lokacin ne wani abokin mijinta, wanda kowa ke kira Mai Kwat, ya buɗe kamfanin shafukan intanet a ɗaki biyu saman shagon wani tela. Ya tara marubuta takwas, kowa da fanninsa: bakanike kan mota, malamin makaranta kan jarrabawa. Har gida ya zo ya durƙusa yana roƙon Yaya ta riƙe shafin masu juna biyu.

Da yatsa ɗaya take bugawa, tabarau a karan hanci, amma mata suka yi mata caa. Duk wadda ta yi tambaya sai ta samu amsa. Cikin shekara uku shafukan suka kai sittin, masu zuba jari suka shigo, aka koma bene mai kujeru masu juyawa. Mai Kwat ya daina ɗaga waya, sai dai ka bi ta hannun sakatariya.

Daga nan abu ya lalace. Aka ce kowa ya kawo rubutu biyar a rana. Yaya ta yi bayani kan kumburin ƙafa, mutanen kamfanin suka sauya kanun ya koma "Alamar da ke kashe mai ciki cikin kwana uku." Ƙarƙashin hotonta kuma suka manna tallar wani maganin sauƙaƙa naƙuda da ko kwalbarsa ba ta taɓa gani ba.

Ni na kai ta ofishin. Ta hau matakala tana dogara sanda, ta faɗa wa Mai Kwat cewa wata baiwar Allah za ta sha wannan abin don ta ga fuskarta a kai. Ya yi murmushi, ya ce Anti ta yi haƙuri, talla ce ke riƙe da kamfani.

Ta ce, "To cire sunana, ka ba ni rubutuna."

Ya ce ai takardar da ta sa wa hannu tun farko ta mayar da komai mallakar kamfani.

Bayan wata takwas masu karatu suka watse, masu jari suka janye. Ba wanda ya sanar da marubuta komai. Wata safiya Yaya ta buɗe shafinta, ta tarar da hoton ƙwallo da "saka ɗari ka ci dubu." Ashe an sayar wa 'yan caca adireshin, an goge rubutun shekara shida kaf. Da na je benen, leburori na loda kujeru a mota.

Makon jiya muka ji Mai Kwat a rediyo, wai masani. Ko kunya babu, yana ba matasa shawara, yana cewa shi kaɗai ya gina shafuka sittin da guminsa.

Yaya ta ce in kashe, in miƙo mata littafi da biro. Ta fara da bayani kan zubar jini bayan haihuwa. Layi huɗu ta yi ta tsaya, tana ta ƙoƙarin tuna yadda ta tsara shi a da.